Yadda Kufai Ya Zama Kasuwa: Tarihin Wuraren Yawon Buɗe Ido a Birtaniya

Duk wanda ya taɓa zama da mutumin da ya dawo daga Ingila, ko malami ne da ya je ƙaro ilimi ko ɗan kasuwa, ya san irin hotunan da akan fito da su idan hira ta yi daɗi. Ga shi nan tsaye a gindin agogon Big Ben, ga shi a ƙofar Hasumiyar Landan kusa da wani dogari da ya sha ado, in kuwa mai ƙwazon yawo ne har ka gan shi a gaban duwatsun nan na Stonehenge. Daga nan sai a ɗauko wata magana da kusan kowa ya haddace, wai su Turawan Ingila Allah ya yi su da son tarihi, ba sa barin kome nasu ya lalace. Maƙasudin wannan rubutu shi ne a ɗora maganar nan a kan ma'aunin tarihi, domin ni a ganina ba ta cika mudu ba. Mutanen Birtaniya sun shafe ɗaruruwan shekaru suna farfasa waɗannan wurare da hannunsu. Adana su sabon al'amari ne da bai kai shekara 200 ba, kuma da gardama da kuɗi aka kai gare shi.

Mu dai ba yau muka fara zuwa kallon ƙasar nan ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauka a Ingila a 1921. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka je tare. A 1943 kuma, ana tsakiyar yaƙin Hitila, Malam Abubakar Imam ya je cikin ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Sai dai duk waɗannan manya sun iske an riga an share gida an yi shimfiɗa, baƙo kuwa abin da aka nuna masa shi yake gani. Mu abin da muke so mu leƙa shi ne yadda gidan yake kafin a share shi.

Bari mu fara da arewacin Ingila, inda ganuwar Hadrian take. A shekara ta 122 Miladiyya Sarkin Rum Hadrian ya ba da umarni a ja ganuwa daga gaɓar teku ta gabas zuwa ta yamma, tsawon mil 73, don ta zama iyakar daularsa ta arewa. A kan kowane mil akwai ƙofa da ɗan sansanin soja, tsakanin sansani da sansani kuma akwai hasumiyar tsaro biyu. Sojojin da suka yi gadinta daga sassa daban-daban na daular aka kwaso su, har da wata runduna ta mutanen Afirka ta Arewa da aka ajiye a Burgh by Sands a ƙarni na 3. Da mulkin Rumawa ya kau a farkon ƙarni na 5, sai ganuwar ta zama ganima. Ga sassaƙaƙƙen dutse zube a banza, wa zai wahalar da kansa ya tafi fasa wani? Manoma suka yi ta jida suna gina gidaje da shingen tumaki, malaman Kirista suka gina majami'u irin ta Lanercost. Ɓarna mafi muni kuwa gwamnati ce da kanta ta yi ta. A tawayen 1745, sa'ad da mayaƙan Sikotland suka gangaro kudu, sojan sarki sun kasa ƙetarawa daga Newcastle zuwa Carlisle a kan lokaci saboda rashin hanya. Da ƙura ta lafa sai aka yi shawarar yin hanyar soja, aka kuwa rushe mil da yawa na ganuwar aka shimfiɗa hanyar a kan tushenta. Abin da ɗan yawon buɗe ido ke gani yau bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ganuwar ba.

Ba ganuwar kaɗai ta ga haka ba. Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henry na Takwas, bayan ya ɓata da Paparoma, ya rufe gidajen 'yan zuhudun Kirista fiye da 800, ya ƙwace dukiyarsu, aka ɓamɓare darmar rufinsu aka sayar, aka bar bangaye ga ruwa da iska. Kangayen Tintern da Fountains da ake biyan kuɗi a gani yanzu ragowar wannan aiki ne. A ƙauyen Avebury, inda akwai da'irar duwatsu da ta fi ta Stonehenge faɗi, mutanen gari sukan hura wuta a jikin dutse, in ya yi zafi su kwara masa ruwan sanyi ya tsage, su kwashe su yi gini. Hatta kayan sarauta ba su tsira ba. Da aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, majalisa ta sa aka narkar da kambunan sarakunan da, aka sayar da duwatsunsu masu daraja. Kusan duk kayan naɗin da ake nunawa yau an ƙera su ne daga 1661 zuwa gaba, in ban da wani cokali na ƙarni na 12 da ya kuɓuta.

To, yaya aka yi kufai ya zama abin sha'awa? Ruwa ba ya tsami banza. Abu na farko, ido ne ya canza. A da, Baturen Ingila mai hali ba ya ganin wani kyau a tsauni, wurin wahala ne da 'yan fashi. Marubuci Daniel Defoe, da ya zaga ƙasar wajen 1720, ya kwatanta tsaunukan arewa maso yamma da cewa wuri ne mai ban tsoro wanda ba ya amfanar kowa. 'Ya'yan masu kuɗi in za su buɗe ido Faransa da Italiya suke nufa. Amma a 1782 wani limamin Kirista mai suna William Gilpin ya buga littafi a kan tafiyarsa a kogin Wye, yana koya wa mutane su dubi kango da tsauni kamar yadda ake duban zane. Abin dariya, shi kansa yana ganin da za a ɗan ƙara rushe wani sashe na Tintern da guduma da ya fi kyan gani. Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke da Faransa daga 1793 har zuwa 1815, hanyar ƙetare ta toshe, masu yawo suka juyo gida dole. Suka tarar da mawaƙi William Wordsworth yana wasa Yankin Tafkuna inda aka haife shi, har ya rubuta littafin jagora ga masu zuwa a 1810. Wurin da Defoe ya ƙyamata shi ne ya zama abin alfahari cikin shekarun da ba su kai 100 ba, alhali ko tsakuwa ɗaya ba ta gusa daga inda take ba.

Abu na biyu jirgin ƙasa ne. Ran 5 ga Yuli 1841 wani kafinta mai wa'azin hana shan giya, Thomas Cook, ya ɗauki hayar jirgi ya kai mutum wajen 500 daga Leicester zuwa Loughborough taron wa'azi, kowa ya biya sule ɗaya zuwa da dawowa. Daga wannan 'yar tafiya ta mil 11 sana'ar shirya wa mutane yawo ta samo tushe, kamfanin da ya kafa kuma bai durƙushe ba sai a 2019. Jirgi ya sa leburan masaƙa ya iya zuwa inda a da sai mai keken doki. Wannan bai yi wa kowa daɗi ba. Da aka zo shimfiɗa hanyar dogo zuwa tafkin Windermere a 1844, Wordsworth ne kan gaba wajen adawa, yana ganin talakawan birni ba za su gane darajar wurin ba, sai dai su ɓata shi. Garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta, domin ai waƙoƙinsa ne suka kira su. An buɗe hanyar a 1847. A 1871 kuma majalisa ta zartar da dokar ranakun hutun banki, wadda John Lubbock ya kawo, ma'aikata suka sami ranar fita.

A Stonehenge ne za mu fi ganin yadda abin ya kasance, saboda haka bari mu ɗan daɗe a nan. Wuri ne a filin Salisbury da aka fara haƙa ramin kewayensa wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kafa manyan duwatsunsa bayan shekara 500. Kowane ɗaya daga manyan ya kai nauyin tan 25, ƙananan kuwa daga tsaunukan Preseli na ƙasar Wales aka ɗauko su, tafiyar mil 150. A 2024 masana suka gano cewa dutsen da ke kwance a tsakiya daga arewa maso gabashin Sikotland ya fito, nisan da ya haura mil 400. Waɗanda suka yi aikin ba su bar rubutu ba, shi ya sa kowane zamani ya laƙaba wa wurin labarin da ya ga dama. A ƙarni na 12 an ce boka Merlin ne ya ɗauko duwatsun daga Ayalan da tsafi. A 1740 William Stukeley ya ce ɗakin tsafin malaman gargajiya ne da ake kira Druid, alhali duwatsun sun girme su da shekara 2000.

Duk wannan daraja ba ta hana wurin zama gonar mutum ɗaya ba, wato gidan Antrobus. Masu zuwa kallo a ƙarni na 19 sukan zo da guduma su ɓalli ɗan guntu su tafi da shi tsaraba, wasu su sassaƙa sunansu a jiki. Lubbock ɗin nan da muka ambata ya yi ta kai ƙudurin kare kayan tarihi majalisa tun 1873 ana kayar da shi, domin yawancin masu faɗa a ji masu filaye ne, kuma a wurinsu gwamnati ba ta da hurumin gaya wa mutum abin da zai yi da dutsen da ke gonarsa. Sai a 1882 aka yi dokar, ita ma ba ta da haƙori, don sai mai wuri ya yarda kafin hukuma ta sa hannu. Mai Stonehenge kuwa bai yarda ba. Ran 31 ga Disamba 1900 guguwa ta kā da ɗaya daga manyan duwatsun, a shekarar da ta biyo aka kewaye wurin da waya aka fara karɓar sule ɗaya kuɗin shiga. Da magajin gidan ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, uban kuma ya bi shi, sai aka sa Stonehenge a gwanjo ran 21 ga Satumba 1915, kamar yadda ake sa tsohuwar mota. Wani mutumin yankin, Cecil Chubb, ya saya fam 6,600. Ana ba da labari wai kujeru matarsa ta aike shi saye, amma wannan hira ce. A 1918 ya ba ƙasa kyauta, da sharaɗin kada a tsawwala kuɗin shiga, har yau kuma mazauna kewayen ba sa biya. Mai karatu ya lura, shekara uku kacal ke nan kafin zuwan Sarki Dikko.

Ko bayan haka, abin da ake gani yanzu ba daidai yake da abin da Chubb ya saya ba. An miƙar da duwatsun da suka karkace, an dasa gindin waɗansu cikin kankare, a 1958 kuma aka kawo injin ɗaga kaya aka ta da waɗansu uku da suka faɗi tun 1797. Ban ce wannan ha'inci ba ne, da ba a yi ba da wataƙila sun ƙarasa zubewa. Amma ya kamata ɗalibin tarihi ya sani cewa a cikin hoton nan da ake cewa ya shekara 4,500 akwai hannun injiniyan zamanin kakanninmu.

Hasumiyar Landan ita kuma kwalliya aka yi mata. William Mai Nasara, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya fara gina ta wajen 1078 don ya tsorata mutanen birnin da ya ci. Ta yi zama fada, da ma'ajiyar makamai, da gidan buga kuɗi, da kurkuku, har da gidan namun daji, domin a 1255 Sarkin Faransa ya aiko da giwa aka ajiye a ciki. A nan aka sare kan Anne Boleyn, matar Henry na Takwas, a 1536, mutum na ƙarshe da aka kashe a ciki kuwa wani ɗan leƙen asirin Jamus ne a 1941. Zuwa farkon ƙarni na 19 wurin ya cika da bariki da rumbuna, ramin ruwan da ya kewaye shi ya zama kwatami mai ɗoyi har sai da aka janye ruwan bayan 1843. Daga nan, da aka ga jama'a na tururuwa neman labarin kurkuku da gatari, sai aka sa magini Anthony Salvin da waɗanda suka biyo shi su mai da ita kamar ta zamanin da. Aka rushe gine-ginen da ba su dace da wannan siffa ba, aka sake waɗansu. Labarin hankakin nan da ake cewa in suka bar Hasumiya mulki zai faɗi, ba a sami shaidarsa a rubuce ba kafin ƙarshen ƙarni na 19. Gadar Hasumiya da ke gefe, wadda baƙi da yawa ke ɗauka tsohuwa ce, a 1894 aka buɗe ta, ƙarfe ne aka lulluɓe da dutse don ta yi kama da maƙwabciyarta. Shi ma Big Ben a 1859 ya fara bugawa, bayan gobarar 1834 ta cinye tsohon ginin majalisa.

Akwai kuma tambayar da mai tsayawa layi a ɗakin kayan sarauta ya kamata ya yi, wato daga ina? Babban daimon da ke kan sandar sarauta yanki ne na dutsen Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905. Koh-i-Noor kuwa an karɓe shi ne a 1849 daga hannun Sarkin Punjab Duleep Singh, yaro ɗan kimanin shekara goma, bayan an ci ƙasarsa, Indiya kuma ta sha neman a mayar mata. Haka tagullan Binin da aka kwasa a harin 1897, waɗanda ɗaruruwansu ke Gidan Tarihin Birtaniya. Adana kayan tarihi da tara na mutane a zamani ɗaya suka girma.

Wani zai ce to, tsaunuka da tafkuna fa, ai su halittar Allah ce, ba ruwansu da wannan. Haka ne, amma samun izinin taka su sai da aka yi faɗa. A 1895 Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa ƙungiyar National Trust don ta riƙa sayen wurare tana riƙe wa jama'a amana. Gini na farko da ta saya, wani tsohon gidan limami a Alfriston, fam 10 ta biya. Marubuciya Beatrix Potter da ta rasu a 1943 ta bar mata gonaki kimanin eka 4,000 a Yankin Tafkuna. Duk da haka manyan tuddai suna hannun attajirai masu kiwon tsuntsayen farauta, da masu gadi riƙe da sanduna. Ran 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa ma'aikata daga Manchester da kewaye suka hau tudun Kinder Scout da gangan ba da izini ba, aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Sai a 1949 aka yi dokar gandayen shaƙatawa na ƙasa, na farko kuma a 1951 shi ne yankin da Kinder Scout yake.

Na Sikotland ya fi ɗaci. Baƙo yakan tsaya a tsaunukan arewa ya yi ta mamakin shiru da faɗin wurin, ba gida ba hayaƙi. Da mutane a ciki. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19 masu ƙasa suka ga tumaki sun fi talakawa riba, suka tashi ƙauyuka, a wurare irin Sutherland har da cinna wa gidaje wuta, dubbai suka yi ƙaura zuwa Kanada da Amurka da Ostareliya. A daidai lokacin nan ne Walter Scott yake rubuta littattafan da suka sa duniya son yankin. Tufafin nan mai gidan dara na mutanen tsauni, wanda doka ta haramta daga 1746 zuwa 1782, shi Sarki George na Huɗu ya sa a ziyararsa ta Edinburgh a 1822, wadda Scott ya tsara. Sarauniya Victoria ta zo, mijinta ya saya mata Balmoral a 1852, masu kuɗi suka bi sahu. An kori masu tufafin, an riƙe tufafin. Dodon tafkin Ness kuwa ba ya bukatar dogon bayani. A 1933 jaridu suka fara yaɗa shi, shahararren hotonsa na 1934 kuma an tona a 1994 cewa ɗan jirgin wasan yara ne aka liƙa wa kai.

Mu koma ganuwar Hadrian, don ba mu faɗi yadda kashi ɗayan nan ya tsira ba. John Clayton, magatakardan birnin Newcastle, shi ya fara sayen gonakin da ganuwar ta ratsa tun wajen 1834, ba don kome ba sai don ya hana manoma jidar dutse. Ya yi ta saye har ya rasu a 1890, ya sa ma'aikatansa suka tono abin da ya binne suka sake jera duwatsun da suka zube. Sashen tsakiya da ya fi fitowa a hoto yawancinsa ta hannunsa ya biyo, a 1987 kuma hukumar UNESCO ta sa ganuwar cikin kayan tarihin duniya. A cikin wani kwari a wannan sashe akwai wata bishiya guda da aka dasa a ƙarni na 19, wadda ta zama ɗaya daga bishiyoyin da aka fi ɗauka hoto a ƙasar. Wani dare a watan Satumba 2023 mutum biyu suka zo da zarto mai inji suka sare ta, ta faɗo a kan ganuwar ta fasa waɗansu duwatsu. A 2025 kotu a Newcastle ta ɗaure kowanensu shekara huɗu da wata uku. National Trust, mai riƙe da filin, ta kewaye kututturen da shinge, ya kuwa fara toho a 2024, ta kuma raba dashe 49 da aka raina daga irin bishiyar ga garuruwa da ƙungiyoyi a sassan ƙasar.